Hukuncin Sauya Ƙashin Kwatangwalo Da Sallar Wanda Aka Yi Wa Aikin

 Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan mako shi ne halin da wani dattijo ya shiga a unguwarmu. Shekara talatin da ɗoriya ba a raba shi da sahun farko, amma yau wata bakwai ke nan bai taka ƙofar masallaci ba, domin ciwon kwatangwalo ya ci ƙarfinsa. Likita ya duba hoton ƙashinsa ya ce a yi masa aiki a sa masa na ƙarfe, 'ya'yansa sun harhaɗa kuɗin, shi kuwa ya ce atafau. Hujjarsa biyu ce. Ta fari, wai cire ƙashin da Allah ya halitta a sa ƙarfe a gurbinsa sauya halitta ne da ƙarancin tawakkali. Ta biyu, an gaya masa bayan aikin zai jima bai kai goshinsa ƙasa ba, shi kuwa yana jin nauyin a gan shi bisa kujera yana salla. To, da yake irinsa suna da yawa, maza da mata, sai muka ga ya kamata mu baje maganar a faifai.

Da farko mu san cutar kanta. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi a jikin ƙashin ƙugu, akwai kuma guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe su duka biyu. In amosanin gaɓɓai ya kama wurin, sai guringuntsin nan ya yi ta zaizayewa har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Daga nan sai zogi a matsematsi, da ɗingishi, da wuyar tsuguno, har barci ya gagara. Galibi tsufa ke kawo shi, amma a ƙasarmu akwai wani sanadin, watau ciwon sikila, wanda kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ƙashin ya mutu ya lotsa. Shi ya sa akan ga saurayi ko budurwa da kwatangwalon tsoho ɗan saba'in. Mai ɗori ya iya karaya, amma guringuntsin da ya ƙare ba ya tohowa, ko da shafe-shafe ko da tsaga.

Wanda ya daidaita wannan aiki shi ne wani likitan Ingila mai suna John Charnley, a asibitin Wrightington, cikin 1962. Yadda ake yi shi ne a yanke lalataccen kan ƙashin, a soka sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya da ƙwallo a kanta, sa'an nan a gyara gurbin a dasa masa ƙoƙo na roba mai ƙwari. A yau akan yi ƙwallon da ƙarfe ko da tangaran, a kafa sandar da wani irin siminti na musamman, ko kuwa a bar ƙashi ya tsiro ya kama ta. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan 58 cikin 100 na irin waɗannan gaɓɓai suna nan suna aiki bayan shekara 25. A nan gida ana yin aikin a manyan asibitoci, har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

A tsohuwar hanya akan tsaga wajen inci 10 zuwa 12 a gefen cinya, a ɓamɓare tsoka domin likita ya ga gaɓar sosai. Daga wajen shekarar 2000 sai hanyar ƙaramar tsaga ta yaɗu, inda ake buɗe inci 3 zuwa 6 kawai, a bi tsakanin tsokoki da kayan aiki na musamman. Amfaninta shi ne ƙarancin ɓarnar tsoka, da sauƙin zafi a kwanakin farko, da saurin barin gadon asibiti, har wani kan taka da sanda a ranar aikin ko kashegari. Amma fa kada mai karatu ya ruɗu da sunan. Ƙarfen da ake sawa ɗaya ne, ƙashin da ake yankewa ɗaya ne, in an shekara kuma da wuya a bambanta wanda aka yi wa babbar tsaga da wanda aka yi wa ƙarama. Bugu da ƙari ba kowa ta dace da shi ba. Mai ƙiba ƙwarai, da wanda gaɓarsa ta karkace da yawa, da wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin, sau da yawa tsohuwar hanyar ta fi musu aminci. Gwanintar likita ta fi gajartar tabo muhimmanci.

To, yanzu mu koma ga hujjar dattijonmu ta fari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa wasu ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su nemi magani, ya umarce su da nema, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta tana da magani in ban da tsufa. Game da sa ƙarfe a jiki kuwa, ga labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya yi na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi ya umarce shi ya yi na zinariya, alhali kuwa an hana maza ado da ita. In an halatta zinariya saboda lalurar hanci, ina ga ƙarfen da ba wanda ya haramta, wanda kuma zai tashi mutum daga kwance? Sauya halittar da aka zarga ita ce wadda ake yi wa lafiyayyar gaɓa don son zuciya. Mayar da gaɓar da ta lalace bakin aikinta gyara ne.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta yi bayanin cewa neman magani yakan zama wajibi in barinsa zai kai mutum ga halaka, ko rasa gaɓa, ko nakasa. Ta kuma sharɗanta yardar majinyaci in yana cikin hankalinsa. Saboda haka 'ya'ya ba su da ikon kai mahaifi ɗakin tiyata bisa tilas, sai dai lallashi da kawo hujja. Shi kuma mahaifin ya tuna cewa tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Sauran batun salla. Likitoci kan gargaɗi wanda aka yi wa aikin, na tsawon mako 6 zuwa 12 gwargwadon hanyar da aka bi, kada gwiwarsa ta ɗara ƙugunsa tsawo in yana zaune, kada ya harɗe ƙafa, kada ya tsuguna, don gudun ƙwallon ya goce daga gurbinsa. Wannan ya shafi sujada da zaman tahiya da zaman tabarma da masai na tsuguno. Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basur, aka ba shi fatawar ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Shi kansa Manzon Allah ya taɓa faɗowa daga doki ya ji ciwo a gefensa na dama, ya yi salla a zaune. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san babin nan. Amma a lura, wanda ke iya tsayuwa lalle ne ya yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ya yi ruku'u gwargwadon iko, kana ya zauna bisa kujera mai tudu ya yi nunin sujada da kansa, ba tare da ya duƙa ƙwarai ba. Ladansa cikakke ne. Wanda ya ƙi rangwamen Ubangijinsa don kunyar mutane, har ya jawo aka mai da shi ɗakin tiyata, bai kyauta wa kansa ba, bai kuma kyauta wa waɗanda suka sha ɗawainiyarsa ba.

Alwala ba ta da matsala, domin raunin ba a gaɓar alwala yake ba. In wanke ƙafa ya gagara saboda hana duƙawa, ya halatta wani ya wanke masa. In wanka ya wajaba kuma ruwa zai cuci ɗinkin, sai ya wanke sauran jiki ya shafa bisa bandejin. In aikin ya faɗo cikin Ramalana ya sha ya rama daga baya. Mai niyyar Hajji ya nemi shawarar likitansa, ya kuma sani ɗawafi a keken marasa lafiya ya inganta ga mai uzuri, gama Ummu Salama ta yi ɗawafi bisa abin hawa da izinin Annabi lokacin da ba ta da lafiya. Masu tambaya ko za a cire ƙarfen in ajali ya yi, amsa ita ce a'a. Akan binne mutum da shi, domin alfarmar gawa kamar ta mai rai ce.

Ba mu ce aikin ba shi da haɗari ba. Ƙwayoyin cuta kan iya shiga raunin, jini kan iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ƙafa ɗaya kan iya ɗara ɗaya tsawo kaɗan, mai sikila kuma yana bukatar shiri na musamman tukuna. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin talaka, a nan kuwa muna tunatar da mawadata cewa majinyaci matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Dattijonmu dai mun kai masa waɗannan hujjoji, ya ce a ba shi kwana bakwai ya yi istihara, mun kuwa gaya masa kujerarsa tana nan a gefen sahun farko tana jiransa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya sa kaffara ne, amin.