Yadda Ake Ajiye Koton Ƙugiya

Su babbar sana'a ce a ƙasarmu. Daga Argungu da Yawuri har Haɗejiya da bakin Tafkin Cadi, gidaje da yawa da kifi suke ci, da shi suke sutura. Ko manomi ma, in rani ya yi, yakan ɗauki fatsa ya nufi gulbi neman na miya. Amma ƙugiya ba ta kamu haka kawai, sai an sa mata abin da kifi zai yi kwaɗayi. Wannan abu shi ne koto.

Sau da yawa mutum yakan sha wahalar neman koto da maraice, gari ya waye ya tarar duk ya lalace. Kafin ya samo wani rana ta take, kifi ya koma zurfi. An yi asarar yini ke nan, ga iyali a gida suna jira. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, bari mu ga yadda ake ajiyarsa.

Koto iri biyu ne, mai rai da marar rai. Mai rai kiwonsa ake yi kamar dabba, yana son inuwa da laima da iska. Marar rai kuwa kamar nama yake, in ba a busar da shi ba, ruɓewa zai yi. Zafi shi ne abokin gaban duka biyun, tun ba da bazara ba.

Mu fara da tana, don ita aka fi sa wa ƙugiya. Tana ba ta da huhu, da fatarta take numfashi. In fatar ta bushe, sai ta mutu. Shi ya sa da rani take nutsewa cikin ƙasa, ba a samunta sai a fadama, ko lambu, ko bakin rijiya.

In mun haƙo ta, sai mu sami tsohuwar tukunyar ƙasa. Mu zuba ƙasar wurin da muka same ta, mu haɗa da ruɓaɓɓen ganye. Mu sa tanar, mu rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu, mu ajiye a inuwa. Tukunyar ƙasa tana riƙe sanyi kamar yadda randa take yi wa ruwan sha. Kullum mu yayyafa ruwa kaɗan. Ga yadda za mu gane ya isa: mu dunƙula ƙasar a hannu. In ta dunƙule ruwa bai ɗiga ba, daidai ke nan. In ta yi caɓi, iska ba za ta shiga ba. Bayan kowane kwana 3 mu barbaɗa ɗan dusa, shi ne abincinta. Wadda ta mutu mu cire ta nan da nan, don kada ta ɓata sauran.

Toka da gishiri da ruwan sabulu duk suna kashe tana. Haka kuma gwangwanin da aka taɓa zuba kananzir ko maganin ƙwari. Saboda cinnaka, mu ɗora tukunyar bisa duwatsu a cikin kasko mai ruwa. Mu kuma lura da kaji. In an yi haka, tana takan kai mako 2 ko 3 da ranta. Amma wadda aka bari cikin gwangwani a rana, da wuya ta kai azahar. Ranar fita, mu ɗebi ta yini kawai, mu bar saura a gida.

Gara da fara ba su daɗewa. Gara ta fi kyau ranar da aka ɗebo ta. In an haɗo ta da guntun suri cikin ƙwarya aka rufe, takan kwana 1 ko 2.

Ƙananan kifi masu rai su ne koton giwan ruwa da tsage. A bokiti ba su yin nisa, gama suna cinye iskar da ke cikin ruwan, ruwa mai ɗumi kuwa iskarsa kaɗan ce. In mun ga sun taso sama suna buɗe baki, mu sake musu ruwa maza. Abin da ya fi, mu sa su cikin kwando mai murfi, mu ɗaure shi a cikin gulbi inda ruwa yake gudu. A nan sukan yi kwanaki.

Sai marar rai, watau hanjin kaza da yankakken kifi. Waɗannan na yini ɗaya ne. Gaskiya ne tarwaɗa wari take bi, in abu ya ɗan tashi tana sonsa. Amma in ya ruɓe ya yi laushi, ba ya zama a ƙugiya, ruwa kawai zai kwashe. In muna so ya daɗe, mu yanka ƙanana, mu sa gishiri, mu shanya ya bushe sarai. Sa'an nan zai yi makonni. Dusa ma haka take. Busasshiya takan yi watanni a wuri marar laima, amma in an kwaɓa ta, cikin kwana 2 ta yi tsami. Mu kwaɓa daidai bukata.

Abu guda kuma, kada mu ajiye koto mai wari kusa da madafa, don yana tara ƙudaje, ƙuda kuwa yana kawo gudawa. Wanda ya lalace mu binne shi. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu ci abinci.

Tambayoyi

1. Da me tana take numfashi?
2. Don me tukunyar ƙasa ta fi gwangwani?
3. Ina ya kamata a ajiye ƙananan kifi masu rai?
4. Rubuta sunayen koto iri uku da ake samu a garinku.