Wuta ko ƙanƙara: Yadda sha'irai ke siffanta ƙiyayya da ƙarshen duniya

Mahajjacin da ya fita daga tsakiyar Makka zuwa Tan'im, inda Masallacin A'isha yake, domin ɗaura haramar umara, yakan ratsa ta yankin Zahir. A yau unguwa ce ta shaguna da asibiti da cunkoson motoci, amma hanyar daɗaɗɗiya ce. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, wanda ya isa Makka a shekarar 1183, ya ba da labarin cewa kafin a kai Zahir akwai tarin duwatsu guda biyu a gefen hanya, waɗanda ake cewa kaburburan Abu Lahab ne da matarsa, kuma masu wucewa kan jefe su.

Wasu malaman tarihin Makka sun yi shakkar ko kaburburan nasu ne da gaske. Sai dai sunan mutumin da ake jifa ya daɗe da zama tushen wata siffa da ta mamaye adabin Musulmi, har da na Hausa: siffanta muguwar zuciya da wuta.

Laƙabin yabo da ya juye

Sunansa na yanka Abdul'uzza, baffa ne ga Annabi Muhammad (SAW). An yi masa laƙabi da Abu Lahab, wato ma'abocin harshen wuta, saboda haske da jan fuskarsa. Laƙabin yabo ne tun asali. Da ya tsananta adawa da ɗan ɗan'uwansa, sai Suratul Masad ta mayar da laƙabin ya zama bayanin makomarsa, ta kuma siffanta matarsa Ummu Jamil da mai dakon itace. Masu tafsiri sun kasu a kan wannan itace: wasu sun ce ƙaya ce da take zubawa a hanya, wasu kuma sun ce annamimanci ake nufi. A fassara ta biyu, duk mai kai gulma tsakanin mutane makamashi yake kai wa wuta.

Alƙur'ani ba waƙa ba ne, amma daga irin waɗannan surori ne sha'irai suka ɗebo kayan aikinsu. Suratul Humaza, wadda ita ma a Makka ta sauka, tana gargaɗin mai cin naman mutane da mai tara dukiya yana ƙirgawa, kuma wutar da ta ambata zukata take kaiwa gare su. Akwai hadisin da ya kwatanta hassada da wutar da ke cin itace, akwai kuma wanda ya danganta fushi da Shaiɗan da wuta, ya umarci mai fushi da ya yi alwala.

Harshen Hausa ya karɓi wannan siffa har ta zama tasa. Bahaushe bai ma nemi wata kalma dabam ba idan zai ambaci gidan azaba: wuta ce, kalmar da yake kiran ta murhu da ta lantarki. Mai saurin fushi yana da zafin rai. Mai zuga yana rura wutar rikici. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Inda tashin duniya ke farawa

Waƙoƙin wa'azi, waɗanda suka bunƙasa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, su ne suka fi yin aiki da wannan siffa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi digirinsa na uku a kansu a Landan, kuma kafinsa Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙoƙin addini na Hausa a 1975. A cikin waƙoƙin akwai Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulfulde, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware kuma ya yi mata tahamisi. Waƙar tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, daga mai mulkin da ke ƙwace, zuwa alƙalin da ke karɓar toshiya, zuwa mai tauye mudu a kasuwa, tana nuna wa kowannensu wutar da ke jiransa.

Abin lura shi ne jerin da irin waɗannan waƙoƙi ke bi idan suka zo kan alamomin tashin ƙiyama. Kafin a kai ga Dujal da Yajuju da Majuju da fitowar rana daga yamma, sai an fara da abin da ke faruwa a gida da kasuwa: amana ta ɓace, ɗa ya raina mahaifinsa, zumunci ya yanke, kisa ya yawaita. A wurin waɗannan sha'irai, duniya takan fara tashi ne a cikin ƙirjin mutum, sama da ƙasa su biyo baya.

Kuma mutane sun ɗauki zancen da gaske. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, dubban mutane sun bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya zuwa gabas, da yawansu suna ganin ƙarshen zamani ne ya zo. An kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya kai sauran jama'a Sudan, wasu kuma suka zarce har Hijaz, inda dama Hausawa suka daɗe da zama.

Mawaƙin da ya ƙara ƙanƙara

A watan Disambar 1920, shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mujallar Harper's ta Amurka ta buga wata waƙa mai layi tara ta Robert Frost, mai suna Fire and Ice, wato wuta da ƙanƙara. Frost ya ɗauki muhawarar ko duniya ƙonewa za ta yi ko daskarewa, ya mayar da ita zance a kan halin ɗan'adam. Sha'awa da kwaɗayi ya ba su wuta, ƙiyayya kuma ya ba ta ƙanƙara, ya nuna cewa ita ma ta isa ta gama da duniya.

Yana da magabaci. Dante, sha'irin Italiya da ya rasu a 1321, ya sanya can ƙasan gidan azaba ya zama daskararren tafki, ya kuma ajiye maciya amana a ciki.

A nan ne mai karatu Bahaushe zai ɗan tsaya. Rabin farko na waƙar Frost ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi yana jin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Rabi na biyu kuwa ba ya zama daidai a kunnensa, domin a Hausa sanyi alheri ne. Ana roƙon Allah Ya sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rasuwa. Ana yabon mutum da sanyin hali. Ana tarbar baƙo da ruwan sanyi. Idan Bahaushe zai siffanta ƙiyayya, launi yake nema: baƙar zuciya, baƙar aniya, baƙin ciki. Hatta takun-saƙar Amurka da Tarayyar Sobiyet, wanda Turawa suka kira yaƙi mai sanyi, gidajen rediyon Hausa ba su fassara shi haka ba. Yaƙin cacar baka suka ce, kuma sun yi daidai, domin da sun ce yaƙin sanyi da mai sauraro ya zaci sulhu ake shirin yi.

Dalilin bai wuce yanayin ƙasa ba. Frost ya yi yawancin rayuwarsa a arewa maso gabashin Amurka, inda hunturu ke kisa. A Makka da Sakkwato da Maraɗi, rana ce ke kisa. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a ma'aunin Salshiyos a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu.

Ko a ruwayoyin ƙarshen zamani haka abin yake. A cikin Sahihu Muslim, wata iska mai sanyi ce daga wajen Sham za ta karɓi rayukan masu imani, alamar ƙarshe kuwa wuta ce da za ta fito daga Yaman ta kora mutane zuwa matattara. Sanyin rahama ne, wutar ta waɗanda suka rage ce. Gaskiya ne akwai zamharira, azabar tsananin sanyi, kuma malamai kan ambace ta a wa'azi, amma ba ta taɓa samun gurbin da wuta ta samu a bakin jama'a ba.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san ƙiyayya marar hayaniya ba. Ya san gaba, inda 'yan'uwa biyu za su shekara ba su gaisa ba, alhali hadisi ya iyakance ƙaurace wa juna ga kwana uku. Ya san zagon ƙasa da kisan mummuƙe. Sai dai waɗannan kalmomi sun fi zama a hira da karin magana. A ganina, nan ne adabinmu ya bar giɓi: ya ƙware wajen zana mai fushi da mai haɗama, amma bai ba halin ko-in-kula wata siffa mai firgitarwa ba, irin halin wanda zai ji an kashe mutum hamsin a wani ƙauye na Zamfara ya ci gaba da latsa wayarsa.

Zahir kanta ta ga irin ƙiyayyar da ke tsakanin jini ɗaya. Kwarin da unguwar take shi ne Fakh na littattafan tarihi, inda a shekarar 786, ana gab da fara aikin Hajji, rundunar Abbasiyawa ta kashe Husaini bin Aliyu, jikan Hasan, tare da mutanensa. Ɓangarorin biyu duka Banu Hashim ne.