Kwamfuta ta karɓi biro a ɗakin tiyata, amma ba ta san tarihinka ba

Aikinmu na masu sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata ba ya ƙarewa da yin allura. Dole mu sa ido kan bugun zuciyarsa, da awon jininsa, da iskar oksijin da ke jikinsa, kuma a rubuta aƙalla duk bayan minti 5. Wasu ɗaliban likitanci biyu, Harvey Cushing da Amory Codman, su suka fara wannan rubutu a birnin Boston na Amurka wajen shekarar 1895.

Fiye da shekara 100 ana yi da biro da takarda. Ni ma da su na koyi aiki: hannu ɗaya na riƙe da sirinji, ɗayan na neman biro. Idan jinin majiyyaci ya faɗi, ceto shi ake fara yi, rubutu sai daga baya, gwargwadon abin da aka tuna.

A asibitin da nake aiki yanzu a Ingila, na'urorin da ke jikin majiyyaci su ke tura alƙaluma kai tsaye zuwa kwamfuta. Amurka ta hanzarta irin wannan sauyi da dokar HITECH ta 2009, wadda ta ba asibitoci tallafin kuɗi.

Sai dai na'ura ma tana ƙarya. Idan abin awon jini ya matse hannu, na'urar oksijin da ke yatsan wannan hannun takan nuna iska ta ragu, alhali lafiya lau. Sai mun bi mun gyara. A 2017 kuma, harin intanet na WannaCry ya sa asibitocin Ingila da dama sun soke tiyata, shi ya sa har gobe muna ajiye takarda a kusa.

Ga inda abin ya shafe mu 'yan ci-rani. Kwamfuta ba ta san tiyatar da aka yi maka a Kano ko Maraɗi ba, domin bayanin yana can cikin wani fayil. Idan an taɓa shan wahala wajen saka maka bututun numfashi, ko wani magani ya taɓa yi maka illa, ko kana da sikila, ko wani ɗan'uwanka na jini ya taɓa samun matsala da maganin barci, faɗa wa likita tun kafin ranar tiyata. Kada ka ɓoye maganin gargajiyar da kake sha. In Turanci bai zauna ba, nemi tafinta. Abin da aka shigar sau ɗaya, likitan da zai karɓe ka gaba a asibitin zai tarar da shi, ko da an kawo ka a sume.