Mazarin da Ba Ya Hutawa a Tsaunukan Andis

A kan tuddan Bolibiya da Peru, inda tsayin ƙasa ke kaiwa mita 4,000, sanyin dare kuma ke daskarar da ruwa, da wuya ka ga makiyayiya hannu sake. Tana biye da garken lama, dabbar nan dangin raƙumi marar tozo, mazari na juyawa a gefenta. Mutanen Kecuwa, mazauna yankin, na kiransa pushka. Iyayenmu mata a zaune suke kaɗi, gindin mazari a taskira. Na can kuwa a iska yake reto, don haka ana tafe ana kaɗi, ana hira ana kaɗi.

Wahalar sana'ar tana farawa tun kafin a taɓa mazari. Gashin lama hawa biyu ne: na sama mai kauri da kaushi, na ƙasa mai laushi da ɗumi. Bayan an sausaye dabbar, sai mai kaɗi ta zauna ta tsince mai kaushin da yatsu, sili-sili, domin idan ya saura a zare, zai riƙa sukar jikin mai sa tufar. Ba a zubar da shi. Da shi ake tufka igiya da majajjawa, a saƙa buhunan da lamar kanta za ta yi dakonsu. Mai laushin kuma a kaɗa shi siriri, a haɗa biyu a murɗe su tare don ya yi ƙarko. Launinsa na halitta ne: fari, baƙi, ruwan toka da ruwan ƙasa. In ana son ja, sai a rina farin da wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a jikin kaktus.

Saƙar masaƙa ta daɗe a Andis, amma ta kwarashi sai bayan zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16. Da kwarashi biyar ake saƙa culo, hular da ke rufe kunnuwa, kuma a ƙauyuka da dama maza ne gwanayenta.

Zaren masana'anta mai araha ya janye mutane da yawa daga wannan aiki. Shi ya sa Nilda Callañaupa Alvarez, 'yar garin Chinchero, ta jagoranci kafa cibiyar saƙar gargajiya a birnin Kusko na Peru a 1996, inda dattawa ke koya wa yara. Ta yi daidai. Kaɗi a yatsu yake zaune, kuma yarinyar da ta tashi tana juya pushka a bayan garke ita ce ma'ajiyarsa.