Tseren Shinge: Me Ya Sa Gwanaye Ba Sa Yin Tsalle Sosai?

Duk wanda ya taɓa bin akuya a guje cikin gonar gero, a Gwiwa ko a Babura, ya san abu ɗaya: idan ka tsaya kana daka tsalle a kan kowace kunya, akuyar nan ta tsere maka. Wanda zai kama ta shi ne wanda ya miƙa ƙafa yana ƙetare kunyoyin kamar babu su. To, wannan dabarar ce ta sauya tseren tsallake shinge a duniya.

A ƙarni na 19, lokacin da aka fara wasan a Ingila, shingayen katako ne masu nauyi, a kafe cikin ƙasa. Kowa na tsoron karo da su. Don haka ɗan tsere yakan rage gudu, ya naɗe ƙafafu, ya tashi sama jikinsa a miƙe, ya dira, sannan ya sake ɗaukar gudu.

Sai ga Alvin Kraenzlein, Ba'amurke da aka haifa a 1876, ɗalibin likitancin haƙori a Jami'ar Pennsylvania. Shi maimakon ya naɗe ƙafa, sai ya riƙa miƙa ta gaba sambal a kan shingen, ta baya kuma ya jawo ta ta gefe. Ana danganta fara wannan salo ga wani ɗalibin Oxford, Arthur Croome, a 1886, amma Kraenzlein ne ya goge shi har duniya ta ga amfaninsa. A gasar Olamfik ta birnin Paris a 1900 ya ci zinare huɗu: gudun mita 60, shingen mita 110, shingen mita 200, da dogon tsalle. Na mita 110 ɗin ya gama shi a sakan 15.4.

Mene ne sirrin? Ƙafa ba ta iya tura mutum gaba sai tana taka ƙasa. Muddin kana sama, ba ka ƙara gudu. Tsawon lokacin da za ka yi a saman kuwa ya danganta ne da yadda cibiyar nauyin jikinka, wadda take daidai ƙugu, ta ɗaga. Lissafi ya nuna idan ta ɗaga santimita 20 ta dawo, an ci kusan sakan 0.4. Idan santimita 40 ne, kusan sakan 0.57. Shinge goma ake ƙetarewa, ka ga bambancin ya kai sakan 1.7 da ƙafa ba ta aiki. Ga kuma wata asarar: kafin ka tashi sama sosai sai ka taka birki, dirar ma wani birkin ne.

Shi ya sa gwani yake sunkuyar da ƙirji lokacin da ƙafar gaba ta ɗaga. Ƙafa ta yi sama, ƙirji ya yi ƙasa, sai cibiyar nauyi ta wuce dab da shinge. Earl Thomson na Kanada, wanda aka sani da wannan sunkuyo, ya yi sakan 14.8 a Olamfik ta 1920.

Shingen kansa ma ya canza. A 1935 aka kawo mai siffar harafin L, wanda yake kifewa gaba idan an buge shi. Da tsoron karaya ya ragu, sai 'yan tsere suka ƙara matsawa kusa da katakon. A yau tsayin shingen maza mita 1.067 ne, tsakanin kowane biyu mita 9.14, kuma taku uku ake yi a ciki. A 2012 Aries Merritt ya kafa bajintar duniya da sakan 12.80. A ɓangaren mata, 'yar Najeriya Tobi Amusan ta yi mita 100 cikin sakan 12.12 a birnin Eugene na Amurka, ranar 24 ga Yuli, 2022. Je ka kalli bidiyon, ka lura da kanta: da ƙyar za ka ga ya ɗaga.

Akwai darasi a nan ga malaman wasanni a makarantun Kazaure, Roni da kewaye. Idan aka jera wa yaro benci ko kujera ya tsallake, an mayar da shi zamanin da ya gabaci 1935. Tsoro zai sa ya tashi sama, in kuma ya yi tuntuɓe ya ji ciwo. Gara a ɗora karan dawa a kan gwangwanaye biyu, yadda ko an taɓa shi zai faɗi. A fara da ƙasa-ƙasa, a rage tazara daidai ƙafar yaro har ya saba da taku uku, sannan a riƙa ɗagawa a hankali.