Siliniyam da Ciwon Daji: Inda Gwaji Ya Saɓa wa Zato

Tun daga shekarar 1996, sa'ad da wani malami na Jami'ar Arizona ta Amurka mai suna Larry Clark ya bayyana sakamakon gwajin da aka yi da mutum 1,312, inda aka ga waɗanda suka riƙa shan maikirogiram 200 na sinadarin siliniyam kullum sun fi sauran tsira daga sankarar firostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai kasuwar wannan sinadari ta buɗe, dattawa da yawa a can suka duƙufa ga shansa da niyyar rigakafi, alhali kuwa asalin maƙasudin gwajin shi ne hana sankarar fata, wadda kuma bai hana ba.

Wannan zato yana da madogara mai ƙarfi. A 1957 Klaus Schwarz ya tabbatar da cewa jikin dabba ba ya wadatuwa ga barin siliniyam, a 1973 kuma aka gano yana cikin wani furotin mai aikin tsare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar da iskar oksijin ke haddasawa, ɓarna mai kama da tsatsar da ke cin ƙarfe; daga baya masana suka ƙididdige irin waɗannan furotin har 25 a jikin ɗan Adam. Tun da yake wannan ɓarna takan taɓa kundin gado na ƙwayar halitta, daga nan kuma sankara ke samun kafa, sai aka yi ƙiyasi cewa ƙarin siliniyam ƙarin kariya ne.

Ƙiyasin bai tabbata ba. A 2001 aka soma babban gwajin da ake kira SELECT, da maza fiye da 35,000 a Amurka da Kanada da Puerto Rico, amma a 2008 aka umarce su da su daina shan siliniyam ɗin da ake ba su, domin ba a ga wata fa'ida ba. Abin da ya fi tayar da hankali ya zo a 2014, yayin da aka sake bin bayanan aka tarar cewa mazan da jikinsu ke da wadatar siliniyam tun farko, da aka ƙara musu, sai haɗarin kamuwa da mugun nau'in sankarar firostet ya ƙaru a gare su.

A nan ne mas'alar ta yi zurfi, kuma a ganina nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tuntuntuni. Waɗannan furotin ba su bambance lafiyayyar ƙwaya da mai cuta. Kariyar da suke ba ta farko, ita ce dai suke ba ta biyun, ga shi kuwa ƙwayar sankara, saboda gaggawar girmanta, takan fi lafiyayyar ƙwaya buƙatar wannan kariya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna GPX4, yana hana wata irin mutuwar ƙwaya da sinadarin ƙarfe ke jawowa, har ma an ga wasu ƙwayoyin sankara da suka gagari magani sun dogara gare shi ƙwarai, shi ya sa yanzu wasu masu bincike ke neman maganin da zai toshe shi.

Ƙarancin siliniyam kam illa ce tabbatacciya, kamar yadda wani ciwon zuciya da ƙarancinsa ya jawo a gundumar Keshan ta ƙasar Sin ya nuna, kuma saboda ƙarancinsa a ƙasar noma ne Finlan ta soma zuba shi cikin takin zamani a 1984. Amma buƙatar baligi ba ta wuce kimanin maikirogiram 55 a yini ba, abin da kifi da ƙwai da nama da hatsi kan biya ga galibin mutane. Wanda likita bai tabbatar masa da ƙaranci ba, ba shi da hujjar sayen siliniyam domin gudun ciwon daji.