Jarrabawar lasisin nas ta matso, lokacin karatu kuma babu: ina mafita?

Shekara uku a kwalejin koyon jinya, ko huɗu a jami'a, ba su ke mai da mutum nas a ƙasar Gana ba. Abin da ke mai da shi nas shi ne jarrabawar lasisi ta Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, wadda kowa ya fi sani da NMC. Doka ta 857 ta shekarar 2013 ce ta ɗora wa majalisar wannan nauyi. Wanda bai ci ba, ba shi da lambar PIN, wanda kuwa ba shi da PIN doka ba ta yarda ya yi aiki a matsayin cikakken nas ba, a asibitin gwamnati ko na kuɗi. Kuɗin makarantar da uwa ta tara daga cinikin koko da ƙosai, da wanda yaya ya riƙa turowa daga waje, duk a bakin wannan ƙofa suke tsaye suna jira.

Matsalar ita ce, yawancin 'ya'yanmu da ke shirin shiga ba su da lokacin da ake zaton suna da shi. Ɗalibin shekarar ƙarshe yana wod da safe, da yamma yana fama da rubutun nazarin majinyacin da ya kula da shi, wanda sai ya miƙa shi kafin a yi maganar lasisi. Akwai mataimakan nas masu takardar NAC ko NAP da suka koma ƙaro karatu alhali suna kan diyuti. Sai kuma waɗanda suka fi ban tausayi: waɗanda suka faɗi a zaman baya, suka dawo gida Nima ko Aboabo ko Ashaiman, babu malami, babu hostal, babu abokan karatu, ga kunyar unguwa. Ga irin waɗannan, shawarar "ka zauna ka yi karatun awa takwas kullum" magana ce ta wanda bai taɓa kwana a gidan yawa ba.

Jarrabawar ta sauya, salon karatun bai sauya ba

Tun shekarar 2018 majalisar ta fara mai da rubutacciyar jarrabawar kan kwamfuta, ta soma da ɗaliban jinyar masu taɓin hankali, daga baya sauran fannoni suka bi. Yanzu tambaya ce da amsoshi a jere, ka zaɓi ɗaya. Amma har yau za ka ga ɗalibi ya ɗauko littattafan rubutunsa na shekara uku, ya fara daga shafin farko yana bi layi-layi da jan biro, kamar dai zai rubuta dogon bayani ne a takarda. Kafin ya gama cututtukan zuciya wata guda ya wuce, na farkon kuma sun zube.

Wannan zubewar ba laifin kan kowa ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko bayan an koyi abu. A 2006 kuma masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sannan aka sa su rufe su tuno abin da ke ciki. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juye, masu tunowa suka wuce su. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba tare da sunan wani Bature ba. Ba a sanin yaro ya riƙe karatu sai an kifa allon an ce ya kawo.

Don haka mai ƙarancin lokaci da tambaya zai fara, littafi ya biyo baya. Ka ɗauki tsofaffin tambayoyi, pasko kamar yadda ɗalibai ke cewa, ka amsa ashirin ba tare da leƙa komai ba. Waɗanda ka faɗi su ne manhajarka ta wannan rana. Su za ka buɗe wa littafi, ka gano dalilin da ya sa amsar ta zama daidai, da dalilin da ya sa sauran ba su zama ba. Ka rubuta a ƙaramin littafi, layi biyu kacal. Bayan kwana uku ka sake gwada kanka a kansu, bayan mako ka ƙara. Wanda ya haddace cewa amsar lamba goma sha biyu ita ce ta uku, bai yi komai ba. Ranar da aka juya tambayar zai tsaya yana kallon allo.

A kula kuma, wasu amsoshin da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp kuskure ne, ɗalibi ne ya yi hasashe aka yi ta turawa. Duk abin da ya shafi magani a duba shi a kundin ƙa'idojin magani na Ma'aikatar Lafiya. Masu cewa a tura musu momo su ba da "apo" kuwa, kuɗinka kawai suke so, kuma idan aka kama mutum da maguɗi abin da zai rasa ya fi zama ɗaya.

Me za a fara yi?

Tambayoyin da suka fi kayar da mutane su ne waɗanda duk amsoshinsu ke da kamar gaskiya. Ga misali. Ana ƙara wa majinyaci jini, bayan minti goma ya fara rawar sanyi, jiki ya yi zafi, yana kukan ciwon baya. Za ka kira likita? Za ka auna zafin jiki? Za ka ba da farasitamol? Ko za ka tsayar da jinin? Kiran likita daidai ne, aunawa ma daidai ne, amma abin da za a fara yi shi ne tsayar da jinin, domin kowane ɗigo da ya ƙara shiga ƙarin haɗari ne. Jarrabawar tana son ta ga ko za a iya barin ka kai kaɗai a wod da ƙarfe biyun dare.

Ƙa'idojin da ke warware irin waɗannan ba su da yawa, kuma rana ɗaya ta isa a zauna da su. Hanyar iska tukuna, sai numfashi, sai zagayawar jini. A duba majinyaci kafin a yi masa wani abu, sai fa in jinkirin zai kashe shi. Wanda ciwonsa ya taso yanzu yana gaba da wanda ya daɗe da nasa yana zaune lafiya. Sannan a karanta tambaya har ƙarshe. Da Turanci ake yin ta, kuma kalma ɗaya mai nufin "ban da" ko "da farko" tana kifar da ma'anar gaba ɗaya. Da yawa sun san amsar, gaggawa ce ta ci su.

Lissafin magani shi ne makin da ya fi araha, amma shi ɗalibai suka fi gudu. Ledar ruwa mai mililita 1000 da za ta shiga cikin awa 8, da layin da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita: 1000 sau 20, a raba da minti 480, ya ba da kusan ɗigo 42 a minti. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: allurar artesunate miligiram 2.4 ga kowane kilo na nauyin jiki, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Ke nan mai kilo 60 zai sami 144, yaro mai kilo 15 zai sami 45. Lissafi biyar kullum, na minti goma, cikin mako biyu hannu ya saba.

Wajen zaɓen abin da za a karanta, a fara da abin da ke cika gadajen asibitocinmu: maleriya, sikila, hawan jini, ciwon suga, tarin fuka, taifod, shanyewar ɓarin jiki, kula da majinyaci kafin tiyata da bayanta, ƙuna, karaya, sanƙarau ga waɗanda suka yi aiki a arewa. Cutar da ba ka taɓa gani ba sai a littafi, ta jira in lokaci ya ragu.

Lokacin ba a wajen ɗalibi yake ba

Nan ne maganar ta fi shafarmu. A Zango, wanda yake gida ana ɗaukarsa ba ya aikin komai. "Ai kina nan, je ki kasuwa." "Riƙe min yaron nan in dawo." Asabar awure, Lahadi suna, ga addu'ar bakwai a gidan maƙwabta, ga kuɗin yayi da za a kai. Namiji kuma abokai na jiransa a bes, ana dafa ataya har tsakar dare, in bai zo ba a ce ya fara girman kai tun bai zama likita ba. Mace ta fi shan wahalar, musamman matar aure mai goyo, domin ita ko ta rufe ƙofa kukan yaro zai buɗe.

Zumunci ba abin yarwa ba ne, kuma ba wanda ya ce a yar. Amma makonni shida ba shekara shida ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya zaunar da manyan gidan tun da wuri, ya faɗa musu ranar jarrabawa, ya faɗa musu abin da faɗuwa za ta jawo: jiran wani zaman, sabon kuɗin rajista, abokan karatu su wuce bautar ƙasa a bar shi. Iyaye da yawa ba su san haka ba, suna zaton tunda an gama makaranta an gama ke nan. In Hajiya da kanta ta ce "ku ƙyale ta, karatu take yi", babu mai sake aiken ta. Maigida kuma da zai ɗauki yara ya kai su wajen kakarsu yammacin Asabar, ya sayo waake a bakin titi maimakon jiran tuwo, ya yi wa gidansa hidimar da ta fi sayen sabon zane.

Sauran lokacin tsintarsa ake yi. Minti arba'in bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi a fara layin famfo, ya fi awa biyun dare da ido ke rufewa. Minti ashirin a cikin trotro, tambayoyi goma a waya. Minti talatin bayan Isha'i don duba kurakuran ranar. Awa ɗaya da rabi ke nan, cikin makonni shida ya zama awa 63. Ba ta kai a sake karanta littattafan shekara uku ba, amma ta isa a amsa tambayoyi fiye da dubu a kuma bi kurakuransu. A sauke abin karatu a waya tun da wuta da data, saboda dumso ba ya sallama. In shirin ya faɗo cikin azumi, bayan sahur ne lokacin. La'asar a bar ta ga abu mai sauƙi.

Wanda ya sauko daga diyutin dare ya kwanta. Karatun da aka yi da kan da bai yi barci ba, rabinsa a ƙasa yake zuba, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya.

Sai jarrabawar aiki da hannu, wadda ake yi a gaban masu sa ido a asibiti. A nan wanda ke diyuti ya fi kowa sa'a, in ya so. Kowane gyaran gado, kowane wankin ciwo, kowane awon jini da zai yi a wod, ya yi shi yadda littafin ƙa'idojin majalisar ya tsara, ba yadda aka saba yi don sauri ba. Gaida majinyaci, bayyana masa abin da za a yi, neman izininsa, jan labule, wanke hannu kafin da bayan, rubuta abin da aka yi: a nan maki ke zubewa, saboda an raina su. Wanda ke gida ya kwantar da ƙaninsa a tabarma ya gwada, yana faɗin kowane mataki da baki, da Turanci, har harshe ya daina sarƙewa. Nazarin majinyacin da ka rubuta kuma ka san shi ciki da waje, magungunansa da dalilin ba da kowanne, don a kansa za a iya tsare ka da tambaya.

Akwai wani abu ƙarami da ake mantawa. Yaranmu sun ƙware a waya, amma wasu ba su taɓa zama awa biyu gaban kwamfuta da linzami a hannu ba. Kafin ranar, a nemi kwamfuta ko ta aro ce, a yi cikakken gwaji sau biyu ko uku da agogo a gefe, a raba mintunan da yawan tambayoyin don a san abin da kowace za ta ci. Tambayar da ta ƙi, a wuce ta a dawo.

Kwana biyu na ƙarshe ba na sabon babi ba ne, na ƙaramin littafin kurakurai ne. A haɗa katin shaida da lambar jarrabawa tun dare, a je a ga cibiyar da ido in ba a san ta ba. Wanda zai taso daga Madina ko Kasoa ya shiga Ankara da safiyar ranar aiki ya san halin hanyar. In da ɗan'uwa kusa da cibiyar, gara a kwana can.